Tarin da ya ƙi ji da na'urar gwajin kaki: amsoshin Likita

Wata uwa daga wajen Ringim ta rubuto: "Likita, maigidana ya shiga wata na uku yana tari. Ya rame, da dare gumi sai ya jiƙa tabarma. Mun sayi kafso a kemis har sau huɗu, wanzami ya cire masa beli, yanzu 'yan'uwansa sun ce sammu ne. Na ji ana maganar wata na'ura mai gano cuta a rana ɗaya. Gaskiya ne?"

Hajiya, gaskiya ne, kuma gobe da sassafe ki sa a kai shi asibiti. Tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga gumin dare, tarin fuka muke fara zargi har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne.

Maganar beli kuwa tana ƙona mini rai. Ciwo yana can cikin huhu, an zo an sa aska a maƙogwaro! Mutumin da jininsa ya riga ya yi ƙasa an ƙara zubar masa da wani, kuma Allah kaɗai ya san bakin wa askar ta shiga kafin nasa. Kafson kemis ma bai bar shi haka ba: wasu daga cikin magungunan nan sukan lafar da tarin na 'yan kwanaki, a ɗauka an warke, ƙwayar cutar kuma tana ƙara taurin kai. Addu'a kam a ci gaba da yi, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Manyan na'urorin iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da sakamako cikin kamar awa biyu. Sai Truenat, ƙirar Indiya, da aka amince da ita a 2020. Ita ce ta fi dacewa da karkara, don da batir take aiki, tana jure zafinmu, ana iya ɗaukarta a jaka. Za a ba maigidanki ɗan gwangwanin roba ya tofa kaki. In Truenat ce, ma'aikaci zai tace kakin ya fitar da ƙwayar halittar cutar, ya ɗiga ɗigo guda a kan wani ɗan faifai da bai wuce tsawon yatsa ba, ya zura cikin na'urar. A ciki ana ɗumama ɗigon ana sanyaya shi sau da yawa, ƙwayar halittar tana ninkuwa har ta yi yawan da za a gan ta. Cikin kamar awa guda an sani. Da madubin likita sai cutar ta yi yawa a kaki ake ganinta, rainonta a ɗakin gwaji kuwa yakan ci makonni.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na'urar tana nuna ko cutar ta daina jin rifamfisin, babban maganin tarin fuka, don kada a ɗora mutum kan maganin da ba zai yi masa aiki ba. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Maganin wata shida ne, ba a yankewa ko an ji sauƙi. Ke da yaran ma a duba ku. Kada ki bari a kai ranar kasuwa, Hajiya, gobe.

Wani malami daga Gaya: "Jini ake ɗiba?"

A'a Malam, kaki ne na cikin ƙirji, ba yawu ba. Na farkon safiya ya fi.

Wata baiwar Allah daga Kazaure: "Ɗana ɗan shekara uku ba ya iya tofar da kaki."

Yara haɗiye shi suke yi, shi ya sa yanzu ake gwada bayan gidansu a GeneXpert. Ki kai shi, kada ki jira ya ƙara ramewa.

Wani matashi daga Bichi: "Kullum aka yi mini gwajin Widal sai a ce taifod ce. In nemi wannan na'urar?"

Wadda ke asibitocinmu yawanci ta tarin fuka ce. Widal kuwa gwaji ne tun na 1896, yakan nuna alama ko ga wanda ya warke tuntuni, ko mai zazzaɓin cizon sauro. Ka daina shan ƙwayoyi a kansa kaɗai. Ka je babban asibiti likita ya duba ka, in da hali a yi rainon jini, wato a ɗibi jininka a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji. In zazzaɓi ya zo da ciwon ciki mai tsanani, ko cikin ya ɗaure, a daren za ka tafi.