Ka gayyato matasan, amma su fara magana

Kana tambaya ko a gayyato matasa wajen haska fim ɗin nan na yaran da ake kaiwa daji suna koyon rayuwa, ko iyaye kawai za a kira. Ka gayyato su mana ɗan'uwa, ai don su aka yi shi. In iyaye ne kaɗai, kallo za su yi su koma gida su fara gori, wai "ka ga 'ya'yan mutane".

Sharaɗi ɗaya dai, in an gama kar a miƙa wa manya makirufo, a bar yaran su fara. Na taɓa zama a irin wannan taron, inda matasan suka fi tsayawa a fim ɗin shi ne wajen da aka ba wata yarinya taswira da kamfas (na'urar nuna alƙibla) ta jagoranci tawaga, ta ɓatar da su hanya, malaminsu yana biye a baya bai ce uffan ba har ta gano da kanta, nan fa musu ya kaure, wasu na cewa mugunta ce wasu na cewa haka ake koyo. Kuma ka nemi izinin masu fim ɗin tukuna, ko da shiga kyauta ne.