Son Haruffa Na Cinye Mini Riba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Jidda ne, ina tsara wa masu shaguna shafukan intanet, galibi masu turare da dabino da masu hidimar alhazai. Riyal 1,500 nake karɓa a kan shafi guda. Matsalata son haruffa. Sai in yi kwana uku ina zaɓen rubutun da zai dace da sunan shago, wani lokaci har in sayi samfurin haruffa da kuɗina, mai shago bai ma san na yi ba. Wata ya ƙare, aljihu wayam. In daina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka daina. Abin da kake kira matsala shi ne jarinka, sai dai kyauta kake raba shi.

Mu yi lissafi tukuna. Idan shafi na ɗaukar ka kwana goma, riyal 150 ke nan a yini. Kwana ukun haruffa riyal 450 ne. Ka ƙara, mu ce, 300 na samfurin da ka saya, rabin kuɗin aikin ya tafi kan abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Saboda haka daga yau ka raba takardar farashinka gida-gida: kuɗin gina shafi daban, kuɗin zaɓe da tsara rubutu daban. Mai turare ya san kwalba na ƙara wa turare daraja, ka ce masa harafi shi ne kwalbar shagonsa a waya. Ka nuna masa sunan shagon a salon rubutun Larabci na Kufi, da Nasakhi, da Ruƙ'a, ya zaɓa da idonsa. Wanda ya zaɓa da kansa ba ya jin ciwon biya.

Zancen sayen haruffa kuwa, ka bar shi haka nan. Izinin da ake sayarwa kala-kala ne: na aiki a kwamfuta daban, na ɗorawa a intanet daban, wasu ma da yawan masu ziyara ake lissafa su. In mai shago na son na kuɗi, ya saya da sunansa, don ranar da kuka rabu kada a bi shi bashin haƙƙin mallaka. In ba ya so, ga Google Fonts nan, rumbun haruffan kyauta na Google: Cairo, Tajawal, Amiri, Noto Naskh Arabic, duk an yarda a yi kasuwanci da su ba ko kwabo. Ka ware biyar ko shida da ka san halinsu, ka rinƙa zaɓe daga ciki. Kwana uku sai ya koma rabin yini.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurara. Masu tsara shafi sun yi yawa a Khamsat da Mostaql, shafukan Larabci da masu aikin kai ke neman kwastoma, kuma kullum akwai mai karya farashi. Amma nawa ne cikinsu suka san cewa samfuran haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ? Idan babu, waya sai ta aro su daga wani samfurin, ka ga ƙ ta tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Ina ganin haka a shafukan masu hidimar Umara, raina na ɓaci, don Bahaushen Kano ko Damagaram da zai tura kuɗinsa yana lura. Kai ka sani. Ka rubuta "ɗan ƙaramin ɓera" ka gwada kowane samfuri kafin ka yarda da shi. Ka kuma san Larabci daga dama yake farawa, haruffansa a haɗe suke ba a buɗa tsakaninsu, yana son layi mai sarari fiye da boko. Shafi mai Larabci da Hausa kusan aiki biyu ne, kada ka karɓi kuɗin ɗaya. Har ajami akwai: ƙungiyar SIL mai nazarin harsuna ta fitar da samfuri mai suna Alkalami bisa salon rubutun Kano, kyauta ne. Tambarin gidan tuwo a Makka da wannan rubutu, dattijon da ya yi karatun allo zai tsaya ya karanta.

Kada ka taɓa aiki sai an ba da kafin alƙalami, arbun kamar yadda ake cewa a nan, rabin kuɗi. Gyara sau biyu yana cikin farashi, na uku da kuɗinsa, kuma a rubuta ko da a WhatsApp ne.

Ba ka faɗa mini matsayin takardunka ba. In kai ɗan ƙasar Saudiyya ne, nemi takardar sana'ar kai ta Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci Gaban Al'umma, wasiƙatul amalil hurr, don kuɗinka su shiga banki da suna. In igama gare ka, wato takardar zaman baƙo, doka ba ta yarda ka yi aikin kanka a wajen kafilinka ba, sai ka gyara wannan kafin komai. Harajin ciniki (VAT) na kashi 15 bai zama dole ka yi rajistarsa ba sai cinikinka ya haura riyal 375,000 a shekara, amma ka fara ajiye rasit tun yanzu.

Mai shagon da zai zo maka gaba, ka faɗa masa sabon farashi ba tare da ba da haƙuri ba. Tsofaffin abokan hulɗa kuma ka sanar da su wata guda kafin ka canza.