Tambaya da Amsa: i7 ko i5, wanne zan saka a kwamfutar gem?

TAMBAYA: Salam Malam, ina so in haɗa kwamfuta ta buga gem, irinsu GTA V da EA FC da Warzone. Mai shago ya nuna min furosesa biyu, i7-4770 na hannu da kuma i5-12400F sabo, yace i7 ai gaba yake da i5 kuma ya fi arha. Kuɗina ba yawa, wanne zan ɗauka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Toh gaskiya ka riƙe kuɗinka tukuna, wannan magana ta "i7 ya fi i5" da ita ake ta cin kasuwa a kan mutane. Lambar da ke bayan sunan ita zaka duba, 4770 ɗin nan jenareshan (wato zubi) na 4 ne, tun 2013 ya fito, kor 4 gare shi (kor su ne ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa), shi kuwa 12400F na 12 ne na 2022 mai kor 6, kuma kowane kor ɗinsa ya fi na wancan gudu nesa ba kusa ba. Kai ko i3-12100 ma ya wuce shi. Sannan Windows 11 a hukumance daga jenareshan na 8 take farawa, kaga an bar 4770 a baya kenan. GTA V zai ja maka, amma a Warzone zaka sha wahala.

Sai dai ka lura da F ɗin da ke ƙarshe, ma'anarsa babu girafis a cikinsa, wato sashen da ke fitar da hoto, in baka saka katin girafis ba ko hoto bazaka gani a allo ba. Wannan ba matsala bace tunda dama gem zakayi, kuma a nan ne ma nake so ka zuba yawancin kuɗin, domin nauyin gem katin ne ke ɗaukar mafi yawansa, mutum ya sai furosesa mai tsada ya haɗa da kati mai rauni sai kaga yana ta mita wai gem na tsinkewa.

Ka tambayi mai shagon Ryzen 5 5600 na AMD ma, shima kor 6 ne, yana hawa madabod (babban faifan da ake ɗora sauran kayan kwamfutar a kai) samfurin AM4 da ram DDR4, waɗanda na hannunsu basa wuyar samu. Kar a baka 5600G a ce ɗaya ne, kash ɗinsa (wata ƙaramar ma'adana mai sauri a cikin furosesa) 16MB ne, na 5600 kuwa 32MB, kuma gem na son kash sosai, shi yasa masu kuɗi ke rububin Ryzen 7 7800X3D mai 96MB, amma shi sai madabod ɗin AM5 da ram DDR5, lissafin ya canza kenan.

In wani ya kawo maka i7 ko i9 na jenareshan 13 ko 14 na hannu, ni dai bazan saya ba, a 2024 Intel da kanta ta amsa cewa suna da matsalar wutar da ke lalata su har ta ƙara garanti na shekara 2.

Ga zafin Afrilu da ƙurar hunturu kuma, 12400F da 5600 duk masu cin wuta wat 65 ne, fankar da suke zuwa da ita zata riƙe su in kana hure ƙurar lokaci lokaci. Kafin ka biya ka sa ya kunna a gabanka, ka buɗe Task Manager na Windows ka karanta sunan furosesan da idonka.