Bashin banki mara ruwa: ƙanina zai zuba shi a asusun ajiya ya ci riba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ƙanina ne yake karatu a Ingila, shekaranjiya ya kira ni yana ta murna wai bankinsa sun ba shi damar ya ciri kuɗi har fam 1,500 fiye da abinda yake cikin akawun ɗinsa, wai obadiraf sunan abin, kuma ba za su ɗora masa ko kwabo na ruwa ba har ya gama makaranta. To shi dabarar da ya yi wai zai kwashe kuɗin duka ya zuba a asusun ajiya na wani bankin, su riƙa ba shi ruwa, lokacin biya ya yi ya mayar musu da nasu ya riƙe ribar. Ni dai raina bai kwanta ba wallahi amma na rasa me zan ce masa. Kuma nima kofaratib ɗin wurin aikinmu suna ba da bashi mara ruwa, ko zan iya yin haka anan? Maman Khalifa, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Khalifa, Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin yaron nan ya taɓa kuɗin. Abinda ya faɗa miki ba ƙarya ba ne, bankunan Ingila suna ba ɗalibai irin wannan damar don su kama su tun suna yara su zama kwastomominsu, kuma turawan can da yawa suna yin wannan juyin. Sai dai fa ba kowa ake ba ba, yawancin bankunan sai ka shekara 3 kana zaune a ƙasar, don haka abu na farko ya buɗe takardar sharuɗɗan ya gani da idonsa an rubuta ba ruwa, kuma har zuwa wace rana.

To mu zo kan lissafi, don anan ne nake so ki zaunar da shi. A ce asusun ajiyar yana ba da kashi 4 cikin 100 a shekara, fam 1,500 zai haifar masa fam 60 kenan, a shekara guda cur fa ba a wata ba. In kin canza shi zuwa naira zai cika ido amma a can bai wuce cefanen sati ɗaya ko biyu ba. Yanzu ki dubi ɗaya gefen, tun shekarar 2020 da hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar ta canza dokar obadiraf, manyan bankuna da yawa ruwan da suke ɗorawa ya kusa kashi 40 cikin 100 a shekara, wato ranar da rangwamen ɗaliban ya ƙare ko ya bar makaranta bai lura ba, wata ɗaya kawai zai ci masa sama da fam 40, wata ɗaya da rabi ribar shekara ta tafi. Kuma obadiraf bashi ne da banki yake da ikon ya ce a dawo masa da abinsa duk lokacin da ya ga dama, in ya kulle kuɗin a ajiyar da ba a cirewa sai bayan shekara to ina zai samo? Ni abinda ya fi damuna ma ba wannan ba ne, na ga yadda kuɗi yake yi wa matasa, yau ya ga fam 1,500 a kwance, gobe kuɗin haya ya taso ko wani daga gida ya kira ana asibiti, ya ce bari in ɗan taɓa zan mayar, shikenan an fara. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma sunansa in ya ɓaci a rajistar masu bashi ta can shekara 6 yake yi bai goge ba, ko layin waya na kwantiragi sai ya sha wuya kafin a ba shi.

Sannan maganar da ranki yake raya miki, gaskiya ce. Karɓar bashi mara ruwa daban, amma abinda asusun ajiyar zai riƙa ƙara masa kuɗin ruwa ne, kuma shi ne mafi yawan malamai suka ce riba ce wadda Allah ya haramta a Suratul Baƙara aya ta 275. Kuɗin na aro ne ko nasa ne duk hukuncin ɗaya. In ajiya yake so ya yi da guminsa akwai bankunan Musulunci a can irin su Al Rayan da Gatehouse, suna juya kuɗin a kasuwanci su raba riba. Obadiraf ɗin kuma ya bar shi a wurinsa saboda ranar da kuɗin makaranta ya makara.

Ke kuma batun kofaratib, Hajiya don Allah kar ki yi. Wannan kuɗin ba na banki ba ne, gumin abokan aikinki ne da ake yanka a albashinsu duk wata, wani yana layi zai biya kuɗin makarantar yara wata kuma haihuwa ce a gabanta, ke ki karɓa ki kai banki ya kwanta, ai kin tare musu hanya. In kina da rarar albashinki ki je bankin Musulunci na Jaiz, wanda ya fara aiki tun 2012, ki ce su yi miki bayanin asusun mudaraba, wato wanda suke juya kuɗinki a kasuwanci ku raba ribar, ko ki jira lokacin da gwamnatin tarayya za ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari mara ruwa, tun 2017 take fitarwa, ki saya da kuɗinki.