Zaman Hausawan Delhi a Lokacin Bukukuwan Hindu

Malam, ka tambaya ko muna shiga bukukuwan da mabiya Hindu ke yi bayan ɗaukewar damina. Ibadarsu ba ma shiga. Amma duk mazaunin Delhi, babban birnin Indiya, dole ya san lissafinsu, don suna taɓa tukunyarsa da takardunsa, har da numfashinsa.

Su ma da wata suke ƙirga, sai dai kusan duk shekara uku suna ƙara wata guda. Shi ya sa bukukuwan ba sa zagaya shekara kamar sallolinmu, kullum tsakanin Satumba da Nuwamba suke faɗowa. Navratri dare 9 ne na bautar Durga, ɗaya daga cikin allolinsu mata. Rana ta 10 ita ce Dussehra, ranar da ake cinna wa mutum-mutumin Ravana, mugun sarki a labaran addininsu, wuta a filaye irin Ramlila Maidan. Bayan kwana 20 sai Diwali, bikin fitilu.

A Navratri da yawansu kan bar nama da ƙwai, har albasa da tafarnuwa, mahauta kuma kan rufe a unguwanni da dama, musamman wajajen Noida da Ghaziabad, garuruwan da ke gefen Delhi. Don haka tun kafin a fara muke sayen naman kwana goma a unguwannin Musulmi irin Jamia Nagar ko Nizamuddin, a ƙulla shi kashi-kashi a sa a firiza. Na ɓauna ne ko na akuya, domin dokar Delhi ta hana yanka saniya. Kada a shigo da shi gidan haya a leda mai shara-shara, kada kuma a zuba ƙashi a bolar da kowa ke amfani da ita. Irin wannan sakacin kan sa mai gida ya ba mutum notis.

Inda baƙo ya fi rikicewa shi ne wajen kyauta. Akwai prasad, abincin da aka fara ajiyewa gaban gunki kafin a raba. Wannan ba ma ci, mukan ɗora hannu a ƙirji mu yi godiya, yawancinsu kuma sun saba da hakan daga Musulmin ƙasar. Kwalin alawa ko busassun 'ya'yan itace da aka sayo daga shago daban ne, yawancinmu muna karɓa, mu rama da nama ko alawa idan Sallah ta zo, gwargwadon abin da maƙwabcin yake ci.

Mai sabunta biza ya shigar da takardunsa a FRRO, ofishin rajistar baƙi, da wuri, don ofisoshi ba sa aiki ranar 2 ga Oktoba, da ranar Dussehra da ta Diwali. 'Yan kasuwar yadi su sani masaƙun birnin Surat kan tafi dogon hutun Diwali, kaya su makale.

Sai hayaƙi. Manoman Punjab da Haryana suna ƙona karan shinkafa daidai lokacin da ake wasan wuta, ga iska ta kwanta. Mai asma ko mai rakiyar majinyaci ya tanadi takunkumin N95 da maganin shaƙa, ya rufe tagogi tun la'asar a daren Diwali.