Kafet ɗina sai zamewa yake a kan tayil

Tambaya: Anti, ni dai kafet ɗin falona kullum sai ya zame a kan tayil, jiya ma saura kaɗan surukata ta faɗi. Ya zan yi?

Amsa: Subhanallahi, Allah ya tsare. 'Yar uwa ki nemi shimfiɗar roba mai hana santsi ɗin nan da ake sawa ƙarƙashin kafet, ki yanka ta ta ɗan gaza kafet ɗin, kamar santimita 3 kowane gefe, don kar ta leƙo kuma bakin ya kwanta. Amma fa sai kin goge ƙasan tas ya bushe tukuna, don ƙura ce ke hana ta kamawa. In daɓen katako ne ki guji ta leda mai arha, tana mannewa ta bar tabo. Lokaci lokaci ki ɗaga ki wanke ta.