Amsa kan sayar da Corolla a koma motar lantarki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sayar da Corolla ɗinka ka koma motar lantarki zai rage maka kashe kuɗi a Abuja. Zai rage, amma fara duba wutar unguwarku tukuna.

Ni a Gwarimpa nake, layinmu Band A ne, wato rukunin da ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, inda tun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200. Duk da haka lissafin na da daɗi. Tawa Hyundai Kona ce mai batirin 64kWh, wato yunit 64 na wuta, cika ta daga ƙasa wajen naira dubu 15 ne, kuma tana kai ni sama da kilomita 350. Gwada zuba fetur na wannan tafiyar tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ka ji a aljihunka. Motar lantarki babu canjin baƙin mai, babu canjin filogin inji. Nakan jona ta bayan isha'i, kafin asuba ta kusa cika, amma da cajar gida ta 7kW ce. Soket ɗin bango zai ci maka fiye da kwana guda.

Inda nake jin tsoro shi ne tafiyar Jos. Daga Akwanga, Hawan Kibo na shanye caji kana kallo, sai dai a dawowa gangaren yana mayar maka da kaɗan. Kuɗin sayenta ma ba wasa ba ne, kuma ba kowane makaniki a garejin Apo ne zai taɓa batirin ba.

In gidan haya kake, mota na kwana a titi, ka riƙe Corolla ɗinka har ka samu wurin caji naka.